Mark Firth da Alhassan Ɗantata: Abin da Attajiri ke Bar wa Garinsa

Akwai wata magana da ba ta tsufa a majalisun ƴan boko, daga Magarya har Damagaram. Wai attajiran Turai masu gina masana'antu ne, namu kuwa saye da sayarwa kaɗai suka iya. Wai na can in ya mutu jami'a yake bari, na nan kuwa rigimar gado. Maganar tana da daɗin faɗa, kuma ba ta rasa gaskiya a ciki, sai dai gaskiyar ba ta kai girman da masu faɗar suke ba ta ba. In ana son a auna ta, sai a ɗauko mutum biyu da kowanne ya kai ƙololuwa a garinsa: Mark Firth na Shefil, garin ƙarfe a arewacin Ingila, wanda ya rayu daga 1819 zuwa 1880, da Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a 1955. Mu mutanen Yekuwa muna da hakkin sa baki, domin gyaɗar da ta ɗaga Kano irinta kakanninmu suka noma a wannan jigawar.

Dukansu biyu ba su gaji sarauta ba, kuma dukansu sun gaji sana'a. Uban Firth, Thomas, shi ne babban mai narka ƙarfe a kamfanin Sanderson, ma'aikaci ne mai albashi. Mark ya shiga kamfanin tun yana yaro, ya koyi abin da zai koya, sannan a 1842 shi da ɗan'uwansa suka fita suka kafa nasu, uban ya biyo su daga baya. Bayan kamar shekara goma suka koma wani makeken wuri a titin Savile, wanda suka sa wa suna Norfolk Works. Alhassan kuwa ɗan Agalawa ne, mutanen da fatauci ya zame musu jini. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta tafi Akra, ya tashi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, ya yi almajiranci, sannan ya bi hanyar Gwanja neman goro kamar iyayensa.

Aikin da gidan Firth ya shahara da shi ya cancanci a tsaya a kansa, don duk wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane wahalarsa. Ana sayo ƙarfe mai kyau daga Suwidin, a gutsuttsura shi, a zuba a tukunyar yumɓu, a rufe, a saka ta cikin rami mai garwashin kwal har ƙarfen ya zama ruwa. Wani mutumin yankin, Benjamin Huntsman, shi ya gano dabarar tun shekarun 1740. Tukunya ɗaya ba ta wuce nauyin da ƙato guda zai iya cirowa da awartaki, kuma mai cirowar sai ya naɗe ƙafafunsa da jiƙaƙƙen buhu kada wuta ta kama shi. To, in aka tashi zuba gangar igwa mai nauyin tan da yawa, sai an jera ɗaruruwan tukwane ana juyewa bi da bi ba yankewa. In aka yi jinkiri tsakanin tukunya da tukunya, ƙarfen ya lalace. Gwanintar Firth ke nan: tsara ɗaruruwan mutane su motsa a daidai lokacin da ake so. Da wannan ya sami cinikin Samuel Colt, mai ƙera bindigogin hannu na Amurka, da na gwamnatin Ingila wadda take sayen ƙarfen manyan igwoginta a wurinsa. Kada a manta da wannan in an zo maganar kyautarsa: kuɗin makamai na cikin abin da ya gina ta.

Ɗantata ma tsara mutane ya iya, sai dai nasa ba a ƙarƙashin rufi ɗaya suke ba. Abin da ya fara bambanta shi da sauran fatake shi ne ya lura cewa goron da ayari yake wata da watanni yana ɗaukowa ta ƙasa, jirgin ruwa zai kai shi Legas daga Akra cikin ƴan kwanaki. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigila a 1912, sai hanyar ta haɗe daga teku har Kano. Turawa sun shimfiɗa dogon ne suna kwaɗayin auduga don masaƙun Manchesta, amma manoma suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi: tana biyan haraji, in ciniki ya ƙi kuma a ci ta. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli a kantunansu, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za a ba jari ya dawo da shi ba. A 1918 kamfanin Neja ya nemi Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa. Shi ya karɓi kuɗi a wurinsu, ya raba wa yaransa, su kuma su raba wa nasu yaran, har kuɗin ya kai hannun mai awo a kasuwar ƙauye. Ba takarda ke riƙe da wannan sarƙa ba, sanayya ce da auratayya da tsoron kunya. Firth yana iya zagaya masana'antarsa da safe ya ga dukiyarsa da idonsa. Ɗantata kuwa a tsakiyar kaka yawancin tasa tana aljihun wasu, a garuruwan da bai taɓa takawa ba.

A nan masu sukar suke cewa, to ai ga shi: ɗaya yana ƙerawa, ɗaya yana dillanci. Amma a tambayi abin da kowannensu ya tarar a gabansa. Firth ya tarar da kwal a ƙarƙashin garinsa, da bankunan da suke ba irinsa bashi, da gwamnatin ƙasarsa tana neman abin da yake ƙerawa ido rufe. Ɗantata ya tarar da gwamnatin da aikinta shi ne ta fitar da gyaɗa ɗanya zuwa injinan Turai. Labarin da kowa ya sani, cewa a 1929 ya kai wa bankin Turawa na Kano kuɗin azurfa lodin raƙuma 20, akan ba da shi ne don a nuna yawan arzikinsa. Ni abin da nake gani a ciki shi ne bankin ya iya karɓar ajiyar baƙar fata, amma bashin kafa masana'anta ba irinsu yake ba. Injinan matse man gyaɗa na farko a Kano sai a shekarun 1940 suka bayyana, su ma a hannun Kwarori. Daga 1949 kuma hukumar cinikin gyaɗa ta karɓe yanka farashi, ta riƙa ajiye rarar a asusunta. Duk da haka, da ƙofa ta ɗan buɗe a farkon shekarun 1950, Ɗantata yana cikin attajiran da suka haɗa jari a kamfanin Kano Citizens Trading Company suka kafa masaƙa. A lokacin ya haura saba'in.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa narka ƙarfe da ƙera manyan abubuwa baƙon abu ne a ƙasar nan. A daidai shekarun da Firth yake zuba igwa wa Sarauniya Biktoriya, Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda mulkinsa ya kai 1884, yana da maƙeran da suke zuba masa igwa a birninsa, ana kuma haɗa masa albarushi. Ba za a haɗa girman aikin biyu ba, ko kusa. Amma bambancin da ya fi muhimmanci shi ne na mallaka: a Shefil igwar ta ɗan kasuwa ce yana sayar wa sarauniya, a Damagaram ta sarki ce tun daga tama har baki. Da sarautar ta faɗi hannun Faransawa a 1899, sana'ar ta bi ta. Attajirin da Damagaram take da shi a lokacin, Malam Yaro, mai hulɗa har Tarabulus, ya yi ƙoƙarin zama lafiya da sababbin masu gari, har ya yi musu hidima. A 1906 suka zarge shi da hannu a shirin tawaye, suka kama shi tare da Sarki Amadu ɗan Bassa, suka fitar da su daga ƙasar. Duk attajirin da ya ji wannan labari, ko a Damagaram yake ko a Kano, ya fahimci cewa dukiyar da ake iya ɗaurewa a ɗora wa raƙumi ta fi wadda aka kafa da tubali kwanciyar hankali.

Inda maganar ƴan majalisa take da ƙarfi shi ne wajen kyauta, kuma nan ne ya kamata a daɗe.

Firth ya riƙe shugabancin ƙungiyar maƙeran wuƙaƙe ta Shefil shekara uku a jere, 1867 zuwa 1869. Kamar Sarkin Maƙera ne, sai dai zaɓensa ake yi duk shekara, kuma ƙungiyar tana nan tun 1624. A 1874 ya zama magajin gari. A 1869 ya gina gidajen gajiyayyu a unguwar Ranmoor, kan kuɗi wajen fam 30,000. A 1875 ya ba gari fili mai kimanin hekta 15 don shaƙatawar talakawa, Yarima mai jiran gadon sarautar Ingila da kansa ya zo ya buɗe, ya kuma sauka a gidan Firth. A 1879 ya kashe wajen fam 20,000 ya gina kwalejin da ta ɗauki sunansa, wadda daga baya ta haɗe da makarantar likitanci da ta fasaha, suka zama Jami'ar Shefil a 1905. Shi mabiyin ɗarikar Metodis ne mai tsanani, ba shakka ya yi don lada. Amma ya yi don suna ma, kuma bai ɓoye ba, tunda kowace kyauta da sunansa a goshinta.

Ɗantata shi ma ya zama mutumin gari. A ƙarshen rayuwarsa an sa shi cikin masu ba Sarkin Kano shawara, abin da ba a saba yi wa talaka ba ko da yana da kuɗi. Kyautarsa kuwa ta bi hanyar da addini da al'ada suka shata: zakka, ciyarwa a ƙofar gida, hidimar malamai da masallatai, jari ga yaron da aka ga yana da kai. Irin wannan ba a rubuta ta a allon dutse, asali ma ɓoye ta ake so. Saboda haka duk wanda ya ce Firth ya fi shi kyauta, ya faɗi abin da ba shi da sikelin auna shi. Abin da za a iya faɗa shi ne kyautar biyu ba wa mutum ɗaya suka nufa ba. Ta Ɗantata tana samun wanda ya zo ƙofa, ko wanda wani ya kawo shi. Ta Firth tana samun wanda bai san shi ba, wanda ma ba a haifa ba tukuna. Ɗalibin Kano ko na Yamai da ya je karatu Shefil yau yana cin moriyar Firth ba tare da ya durƙusa wa jikokinsa ba. A ganina wannan fifiko ne na gaske, kuma ba kishin gida da zai sa in musa shi. Kyautar ƙofa tana raya mutum, amma tana ɗaure shi. Wanda aka ba jari ya zama yaron gida, ɗansa ma sau da yawa haka.

Sai dai tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa Firth ya danƙa wa filin nan? Shefil ta sami majalisar gari zaɓaɓɓiya a 1843, shekara guda bayan ya kafa kamfaninsa. Majalisar tana iya mallakar fili da sunan jama'a, magajin gari ya sauka wani ya hau, filin yana nan. Kwalejin kuma amintattu ne suka riƙe ta da takardar da kotu take karewa, ba magajin Firth da zai zo ya ce a raba. Da Ɗantata ya so yin irin wannan a 1935, hannun wa zai saka? Dokar 1910 ta mayar da ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon gwamna. En'e ta sarki ce, sarki kuma yana ƙarƙashin Razdan. Makarantar boko gwamnati ce take ƙayyade yawanta da wanda zai shiga. A ɓangarenmu na Nijar abin ya fi haka tsanani, komai na kwamanda ne. Ba za a ce ilimin ne babu ba, domin babin hubusi yana cikin Risala, kowane malamin zaure ya karanta shi ya wuce, kuma wanda ya je hajji ta Masar ya ga yadda wakafi ya riƙe Azhar shekaru aru-aru. Ma'ajin ne babu. Ga wanda bai da ma'ajin da ya amince da shi, mutum ne kaɗai asusun da ya rage.

Wannan uzuri ne ga Alhassan. Ba uzuri ba ne ga attajiran da suka zo bayan 1960, kuma su ne ya kamata ƴan majalisa su riƙa yi wa wannan tambaya.

Akwai kuma waɗanda labarin mutanen biyu yake tsallakewa. Shefil ta lokacin Firth gari ne mai hayaƙi da cunkoso, mutanensa sun haura 280,000 a ƙidayar 1881, sun ninka sau da yawa cikin shekara tamanin. Likitocin garin sun rubuta yadda masu wasa wuƙa da cokali a busasshen dutse suke mutuwa da ciwon huhu, da yawansu ba su kai arba'in ba. Ba duka ma'aikatan Firth ba ne, amma garin da ya yi masa arziki ke nan. Attajiran suka gina gidajensu a yamma, inda iska take kore hayaƙi, ma'aikata suka zauna a gabas inda take kai shi. Filin shaƙatawar wani yanki ne na iskar da masana'antu suka ɗauke, aka maido wa mutane ranar Lahadi.

Namu ɓangaren mun fi saninsa. Tun wajen 1930 gyaɗa ta shiga ƙasar Magarya da Matamaye da ƙarfi, don lanho sai da kuɗi ake biyansa, kuɗi kuma sai da gyaɗa. Hanyar fitarta ta Kano ce, a dogo zuwa Legas, sannan jirgin ruwa ya kai ta Faransa. Iyaka kuwa ba ta taɓa hana buhu tsallakawa ɓangaren da farashi ya fi ba, wata shekara ya yi kudu, wata shekara na Daura ya yo arewa. Manomi yakan ci bashi tun damina, ya biya da gyaɗa a farashin kaka, lokacin da ta fi araha. Mata su ɓare, jaki ya ɗauka, mai sikeli ya faɗi nauyin da ya ga dama. Dalar gyaɗar da ake alfahari da hotonta, wadda ake cewa guda takan ci buhu 15,000, ta tashi ne saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashewa a kan kari. Ba wanda ya taɓa gina wa mai noman ko da rijiya da sunan cewa ga rabonka na dala. A wannan fuska attajiran biyu ba su da abin gori ga juna, sai dai ma'aikacin Shefil yana da ƙungiyar ƙwadago, har ta kai su ga tashin hankalin da ya sa gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1867, kuma a shekarar ne da yawansu suka sami ƙuri'a. Manomin ƙasar Magarya bai da ko ɗaya. Ina zargin cewa wani kaso na karamcin attajiran Ingila daga nan ya fito: mutanen da suke tsoro suna zaune ne a bayan katangarsu, manomi kuwa yana can nesa, a warwatse.

Abin da ya biyo bayan mutuwarsu ya juya lissafin ta hanyar da ba mai zato. Firth ya faɗi ne a masana'antarsa a watan Nuwamba na 1880, ya rasu bayan ƴan kwanaki yana da shekara 61. Kamfanin ya ci gaba, a ɗakin binciken da ya haɗa da kamfanin John Brown ne ma Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913. A 1930 ya haɗe da sashen ƙarfe na John Brown, sannan rushewar masana'antun Ingila ta shekarun 1980 ta haɗiye shi. Abin da ya saura na wannan zuriya, Sheffield Forgemasters, ma'aikatar tsaron Ingila ce ta saye shi a 2021. Gidan Firth na Oakbrook makarantar sakandare ce yanzu. Iyalinsa sun fita daga harkar, jami'a da fili suna nan.

Ɗantata kuwa, ana ba da labarin cewa da ya ji ciwon ajali ya tara ƴaƴansa ya gargaɗe su kada su bari dukiyar ta watse. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Gyaɗar ce ta fara tafiya: farin 1973, cutar da ta cinye gonaki a 1975, ga man fetur a Najeriya da uraniyom a Nijar sun sa gwamnatoci sun juya mata baya. SONARA da aka kafa a 1962 don cinikinta ta durƙushe, injin matse mai na Magarya ya yi shiru. Amma gidan bai tafi ba. Ƴaƴansa Sanusi da Aminu suka ɗauka, suka shiga gine-gine da sufuri da mai. Jikarsa Mariya ta haifi Aliko Ɗangote, wanda ya fara da sayen kaya da sayarwa kamar kakanninsa, ya ƙare da siminti a Obajana da matatar mai a Lekki mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a 2023. Masana'antar da ake cewa Bahaushe bai iya ba ta zo a tsatso na huɗu. Jarin da aka zuba cikin mutane ya haihu, ba a ci asara ba. Sai dai ta sauka ne a jihar Kogi da bakin teku, nesa da Kano, balle Magarya. Tanderun Firth ba ya tashi daga Shefil, dole abin da ya samu ya zuba a inda yake shaƙar hayaƙi. Jarin fatauci ba shi da wannan tilas.

Mu nan, ma'ajin da aka rasa a zamanin Alhassan har yau bai gama tsayuwa ba. Yekuwa ta zaɓi majalisar gundumarta ta farko a 2004, shekara 161 bayan ta Shefil. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun gundumomin Nijar duka, aka naɗa masu riƙo. Ɗan garin da ya yi arziki a Kano ko Kwatano, in ya tashi yin alheri a gida, masallaci yake ginawa ko ya haƙa fanfo a ƙofar gidan ubansa, ya sa ƙanensa ya riƙe makulli.